Hayaƙin Murhun Tudu

Cokali na hannuna wayar ta yi ƙara. Tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Irving Park, nan ƙasar Turawa, ta buɗe baki tana jiran kununta, ni kuma na duba na ga Takwara ce, 'yar Yayata da aka sa wa sunana. Ba ta saba kirana da safe ba, don ta san ina wurin aiki.

"Anti," ta ce, "Mma ta cika yanzu, bayan azahar ɗinmu."

Na yi salati. Na tambaye ta ko an samu mai wanka, ta ce an samu. Na tambayi likkafani, ta ce tun bara Yaya ta saya da kanta ta ajiye a ƙasan akwati.  Ina jin iska a wayarta, a bayan iskar kuma ina jin teku.

"Anti, ki taya mu roƙa mata gafara," ta ce. "Musamman a kan abin nan na Kawu Ɗanlami. Allah ya san ba da gangan ta yi ba."

Na ce to. Na mai da wayar aljihu, na ƙarasa ba tsohuwar kununta, na goge mata baki, na wanke kwanon. Da la'asar na hau bas na sauka a tashar cikin gari, na hau wata zuwa gidan 'yata kamar kullum. Ban yi kuka ba. Abin da kawai na sani shi ne tun a kan hanya hancina yake jin ƙaurin ɓawon kwakwa, alhali babu abin da ke ci da wuta a kusa.

Garin da aka haife mu bai kai a kira shi gari ba. Gidaje tara ne na Hausawa a bakin teku a ƙasar Ghana, a gefen wani ƙauyen Fante, kuma mota ba ta zuwa. In ka sauka a babbar hanya sai ka taka rabin yini. Kakanmu ya zo daga arewa sayen busasshen kifi, damina ta tsare shi, masu gari suka yanka masa fili, shi ke nan bai koma ba. Waɗanda suka biyo bayansa ma haka aka yi musu. Kowane gida yana da yankinsa siriri mai tsawo, ya taso daga rairayi ya hau tudu: a ƙasa wurin jan kwale-kwale da shanya taru, a tsakiya ɗakuna da murhun banda, a sama gonar rogo da masara da barkono da 'yar albasa, sai awaki biyu ko uku a ɗaure. Gonar ba ta isa ta ciyar da gida ita kaɗai, tekun ma haka. Sai an haɗa su ake ƙoshi. Baba kan ce shi da safe masunci ne, da yamma manomi, ran Juma'a kuma Bahaushe. Ran Talata ba a shiga ruwa, al'adar masu gari ce. Wani malami da ya taɓa sauka a gidanmu ya ce wa Baba wannan ai ba addini ba ne. Baba ya ce, "Na sani, Malam. Amma tekunsu ne, ni kuma taruna yana son ɗinki."

Da sautin abubuwa muke gane lokaci. Kafin gari ya waye akwai gurjin cikin kwale-kwale a kan itatuwan da ake jera masa, da muryar maza suna haɗa ƙarfi su tura. Da hantsi akwai sarar adda a kan ɓawon kwakwa, da turmin Mma mahaifiyarmu. In kifi ya zo da yawa, tun daga nesa za ka ji maza suna buga filafili a jikin kwale-kwale, mata su zubar da abin da ke hannunsu su ruga da daro a ka. Daga nan sai aikinmu: a wanke, a feɗe manya, a jera ƙanana kai da wutsiya a kan raga, a juya, a sake juyawa, ido na hawaye. Kayanmu, gashinmu, har allunanmu na karatu duk ƙaurin banda suke yi. In muka je kasuwar babbar hanya 'yan mata kan toshe hanci su ce, "Ga 'yan banda nan." Yaya ta ce, "Ku toshe da kyau, da daddare miyarku za ta neme mu."

A nan kuwa kifi a daskare yake zuwa, cikin leda, ba ka san wane ruwa ya haife shi ba. Na taɓa gwada banda a bayan gidan 'yata da wani tsohon durom. Na manta ƙofar kicin a buɗe, wannan abin mai jin hayaƙi da ke maƙale a silin ya fara ihu, jikokina suka fito da gudu suna Turanci. 'Yata ta ce, "Mma, don Allah, 'yan kwana-kwana kike son tara mana? A garin nan hayaƙi laifi ne." Na zuba wa wutar ruwa. Ban gaya mata cewa a inda na fito hayaƙi hanya ce ba.

Ga yadda abin yake. A gaban gaɓarmu akwai duwatsu a jere a ƙarƙashin ruwa, in ruwa ya cika ba ka ganinsu. A tsakaninsu akwai mashiga ɗaya, faɗinta bai fi kwale-kwale biyu ba. Don a same ta, mai tuƙi kan duba tudu: akwai doguwar kwakwa wadda ta fi kowace tsawo, akwai kuma murhun gidanmu na sama, wanda ake kira murhun tudu. In gindin hayaƙin ya tsaya daidai ƙarƙashin kan kwakwar, to kana kan mashiga, sai ka sa kai. A lokacin rani ana ganin komai, ba a damu ba. Amma a tsakiyar damina, lokacin da ƙananan kifi ke zuwa da yawa, wani farin hazo kan tashi daga ruwa ya rufe gaɓa, ba abin da ke fitowa sai kan kwakwar da hayaƙin. Saboda haka duk gidajen tara sun san doka: muddin akwai kwale-kwale a waje a irin wannan rana, murhun tudu kaɗai ake hura wa wuta, ko da kifi a kai ko babu, a yi ta zuba masa ɗanyen ɓawo don hayaƙin ya yi kauri. Tsaron wutar nan gadon gidanmu ne. Kakarmu ta yi, Mma ta yi, sannan ta fara barin mu.

Mu uku ne a ɗakin Mma. Ɗanlami ne babba, sai Yaya, sai ni. Ɗanlami a shekarar aka fara ba shi tuƙi. Mutum ne mai tsokana. In ya dawo daga ruwa sai ya ɓoye ƙaguwa a cikin darona, in na yi ihu ya ce, "Auta, ai baƙuwa na kawo miki, ki ba ta ruwa." Da safen ranar da abin ya faru ya ja mini kitso ya ce, "Wannan kan da aka gyara, wa za a nuna wa? Kifi?"

Kitson sabo ne. Shekarata goma sha huɗu, washegari kuma akwai bikin wata ƙawar Yaya a babbar hanya, an ce za a tafi da ni. Mma ta tafi kasuwa. Baba yana kwance da zazzaɓi, shi ya sa bai shiga ruwa ba. Yaya ta ce za ta hau gona ta tono rogo, ta ce, "Ki zauna a nan. Kada ki tashi, ko fitsari ne ki yi shi kina kallon wutar." Na ce na ji.

Da hantsi ya yi sai farin hazon nan ya rufe gaɓa, aka kuma fara yayyafi, siriri, irin wanda ba ya sauti. Murhun tudu a fili yake. Ƙasa da shi ta yamma, taku ashirin ko ƙasa da haka, akwai wani murhun namu da Baba ya yi wa rumfar ganyen kwakwa. Na ɗaura ɗankwali, ya jiƙe. Na ɗora daro a ka, hannuna ya gaji. Sai na ce a raina, hayaƙi ai hayaƙi ne, taku ashirin mene ne a wurin wanda yake can tsakiyar teku. Na san dokar. Ban taɓa shiga kwale-kwale na waiwayi garinmu daga ruwa ba, mata ba sa shiga, don haka ban san abin da taku ashirin ke zama ba in an ja shi ya yi tsawo. Na ɗebi garwashi a katanga, fasasshiyar tukunya, na kai ƙarƙashin rumfa, na tula ɓawo. Hayaƙin ya tashi fari tas, har na ji daɗinsa. Na tudu kuwa yayyafi ya cinye shi.

Ban san tsawon lokacin da na zauna ba. Abin da na gani shi ne Yaya ta gangaro daga gona da kwando a ka, ta tsaya cak, ta dubi tudu, ta dubi rumfa.  Ta jefar da kwandon, ta ruga, ta kwashi garwashin da katangar, wanda ya zube ta kama da hannu, ta nufi tudu da gudu. A daidai lokacin ne ihu ya tashi daga bakin ruwa. Matan da suka fito daga gidaje, abin da suka fara gani shi ne Yaya a tsakanin murhu biyu da wuta a hannunta. Ni ina bayan rumfa, babu wanda ya dube ni.

Mutum bakwai ne a kwale-kwalen. Shida suka fito, ɗaya da karyayyen hannu. Ɗanlami yana baya wurin tuƙi, kansa ya bugi dutse. Sai a kwana na uku ruwa ya kawo shi gaban ƙauyen maƙwabta, suka rufe shi da zanensu suka ɗauko mana shi a kafaɗa.

Bayan an dawo daga maƙabarta Baba ya tara mu a tsakar gida, jikinsa na rawa da zazzaɓi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya mai da wutar?"  Yaya na zaune da hannuwa biyu a naɗe da tsumma da man kaɗanya. Ta ce, "A hannuna aka ganta, Baba." Ba ta ƙara ba. Ba ta yi ƙarya ba. Ni kuma ban yi magana ba, kuma wannan shirun shi nake ɗauke da shi shekara hamsin da wani abu.

Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta. Da ma an yi hakan, da ya wuce. An dai karɓe tsaron wutar daga hannunta aka ba ni. Ni da na kashe ta aka ba. Mutanen da suka aiko neman aurenta suka yi shiru, ba su ce sun fasa ba, ba su dawo ba. In mata na zaune ta iso sai a canza hira. Mma ta fi shekara ba ta cin kifin da Yaya ta banda. Wata rana na ji Yaya ta ce mata, "Mma, kina ganin ni na kashe shi?" Mma na tsince barkono, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban ce kin kashe shi ba. Allah ne mai rai. Na ce kin mai da wutar." Ina bakin ƙofa ina ji. Na koma da baya a hankali.

Ni na yi aure da wuri, aka kai ni birni, daga baya 'yata ta ɗauko ni zuwa nan. Yaya ta daɗe kafin ta auri wani mai ɗinkin taru da matarsa ta rasu, mutumin kirki, ta haifi 'ya ɗaya ta sa mata sunana. Ita ta yi jinyar Baba, ita ta yi ta Mma, ita ta rufe musu ido. Dukansu sun tafi suna zaton ita ce. Sau biyu na je gida da niyyar gaya wa Mma, sau biyu na dawo da maganar a cikina tare da busasshen kifi a jaka.

Garin kuma ya yi ta raguwa a hannun Yaya. Inji ya zo, matasa suka mai da kwale-kwale babbar tashar da ke da man fetur, ba mai bi ta mashiga kuma. Manyan jirage na baƙi suka share ruwan, ƙananan kifin damina suka daina zuwa kamar da. Teku ya ci rairayi, ya ci wurin shanya taru, wata shekara ya kwantar da doguwar kwakwa. Yara suka watse, wasu birni, wasu sun bi sahara ba a sake jin su ba. Gonakin tudu ciyawa ta rufe, biyu daga ciki wani ya saya ya gina ɗakunan kwana na masu zuwa hutawa. Cikin gidaje tara, biyu ne ke da mutane. Amma Takwara ta ce duk ranar da farin hazon nan ya tashi, Yaya sai ta ja ƙafa ta hau tudu ta hura murhun, babu kifi, babu kwale-kwale ko ɗaya a waje. In an ce mata, "Mma, wa kike yi wa?" sai ta ce, "Ƙashina ne ke jin sanyi."

Da waya ta samu muna magana duk ran Talata, ranar da ba a shiga ruwa. Da tsokana take buɗewa. "Baturiya, an tashi lafiya? Har yanzu kina ba tsofaffin mutane kunu, taki tsohuwar tana nan ba mai ba ta?" In ce, "Yaya, ke ai ba ki tsufa ba." Ta ce, "Ki gaya wa gwiwata. Man zafin nan da kika aiko, na Turawa ne, bai san ƙashin baƙar fata ba."

A azumin da ya wuce na ɗaure na ce, "Yaya, akwai maganar da nake son mu yi. Ta ranar nan."

 Sai ta ce, "Auta, ni za ki ba labari? Ina wurin fa."

"Ki yafe mini."

"Na yafe tun kafin hannuna ya warke. Yarinya ce ke mai sabon kitso. Da an san ke ce, da Mma ta rasa 'ya'ya biyu a rana ɗaya, don ke ba za ki iya ɗauka ba. Ni na fi ki faɗin baya." Ta yi tari. "Amma in maganar tana damunki sai kin faɗa, ba ni za ki faɗa wa ba. Ki faɗa wa Takwararki. Ita yara suka yi wa waƙa a makaranta, suna ce mata 'yar mai kashe wuta. Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba, don ba maganata ba ce. Taki ce."

Na ce zan faɗa mata. Na ce amma irin wannan ba ta waya ba ce, sai na zo mun zauna mu uku. Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, Allah ya kawo ki. Ki dai yi sauri, ni da tudun nan ba mu da sauran yawa." Na sa ran bayan babbar salla. Da salla ta wuce na ce sai an samu wadda za ta riƙe mini tsohuwar. Aka samu, na ce bari sanyi ya wuce.

Mutanen masallacinmu sun zo gaisuwa gidan 'yata kwana uku a jere, da kuloli na shinkafa. Wata Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ki yi kuka mana, ya fi miki." Na ce ina ƙoƙari. Suna tambaya ko marigayiyar wace irin mace ce, ina cewa mai haƙuri ce. Kowa ya gyaɗa kai, don haka ake faɗa a kan kowace mamaciya.

Na lissafa waɗanda suka ga ranar da idonsu kuma suna raye. Ban da ni, mutum uku ne: wanda hannunsa ya karye, yanzu ba ya gani, da mata biyu cikin waɗanda suka fito suka ga Yaya da garwashi. Takwara ta ce duk za su zo sadakar arba'in, za a yi ta a tsakar gidanmu, don ba a sani ba ko za a sake tara mutane a wurin. Bayan su babu wanda zai san mene ne murhun tudu, balle ya damu da wanda ya kashe shi. Sunan Yaya zai zauna yadda aka bar shi.

Ran Talatar da ta wuce na zauna a bakin gado bayan sallar asuba na kira Takwara. Ta ɗauka da sauri, ina jin tana share tsakar gida.

"Anti, lafiya?"

"Lafiya lau. Akwai abin da nake son gaya miki a kan Mmanki."

Tsintsiyar ta tsaya. "Ina ji, Anti."

Na ji tekun a bayanta, yana zuwa yana komawa. Na dubi tafin hannuna, babu tabo ko ɗaya. Na ce, "Tana son kunun kanwa. Ku dama da yawa ranar sadaka."

"Za mu dama, Anti," ta ce. Ta ɗan jira. "Shi ke nan?"

Na ce sauran sai mun sake magana.

Kwana goma sha ɗaya ya rage a yi arba'in. Ban gaya mata ba tukuna.